Hayaƙi a Durowar Keken Ɗinki

A asibitin babu wanda ya riƙe ainihin sunansa. Kowa Malam Ina-Yake yake ce masa, domin tambayar da ya fi yi a duniya ke nan. Ina tabarauna yake, ina makullin ɗakina yake. An yi ranar da ya zagaye asibitin sau biyu yana cigiyar hularsa, masu jinya na binsa da kallo, hular kuwa tana kansa.

Abin mamakin, shi ne mai kula da fayilolin marasa lafiya, kuma shekara ashirin da shida bai taɓa ɓatar da takardar kowa ba. Kayansa yake zubarwa, na mutane kuwa kamar ya haɗiye su. Ɗakinsa na can ƙarshen baranda, bayan ɗakin allura, taga ɗaya, fanka mai kuka, kantoci har rufi. Ya san wanda ke ɓoye wa danginsa ciwonsa, ya san matar da ta shekara tara tana neman haihuwa, ya san babban mutumin da ke shigowa ta ƙofar baya. In ya gamu da su a hanya, gaisuwa kawai, ko a fuska ba za ka gani ba. Da wannan kaɗai yake taƙama, kuma ya cancanta.

A gida matarsa ce ke tsinto masa komai. Tela ce, kekenta na falo kusa da taga, kuma tana da wata dabara da ta gada daga surukarta, wato mahaifiyarsa, wadda ta zauna da su har rasuwarta. Tun tana sabuwar zuwa tsohuwar ta ja ta gefe ta ce, "In kin tsinci abinsa, kada ki miƙa masa nan take. Ɓoye ki yi shiru, ki bar shi ya ji jiki har ya dawo daga aiki. Da haka zai yi hankali." Hankali dai bai yi ba, amma ba a fasa ba. Duk abin da ya yar, durowar keken ɗinki yake wuni, da yamma a ce an gan shi ƙarƙashin kujera. Bawan Allah har ran nan bai gano ba, gani yake wata baiwa ce Allah ya yi wa matarsa.

Ana nan sai Likita, mai asibitin, ta buɗe reshe a ɗaya gefen garin. Mace ce da ba ta yarda da intanet ba ko kaɗan. Ta ce bayanan marasa lafiya da hannu za a riƙa kai su, sau biyu a mako, kuma hannun Malam kaɗai ta amince da shi. Ta kira shi ofis ta ajiye masa wani ɗan baƙin ƙarfe, bai fi babban yatsa ba, irin wanda ake sokawa jikin kwamfuta a zuba masa bayanai.

"Malam, wannan ba irin na kasuwa ba ne," in ji ta. "Yana da batirinsa da layin wayarsa a ciki. In ya ɓace, sai mu danna jan maɓallin nan a wayata, duk inda yake ya ƙone abin da ke cikinsa ƙurmus. Mu muna da namu kwafin a nan."

"Ya ƙone kansa, ranki ya daɗe?"

"Da kansa. Awa biyu za mu ba shi. Kuma ban yarda kowa ya san abin da kake ɗauke da shi ba, ko matarka."

Malam ya juya shi a tafin hannu cike da girmamawa. "Ashe mai zuciya ne," ya ce. Daga ranar sunan ya bi shi, Mai Zuciya.

To, ga inda Malam ya yi wayon da ya ci shi. Akwai wani saƙon murya a tsohuwar wayarsa, na mahaifiyarsa, wanda ta aiko masa yana wurin aiki wata biyu kafin ta rasu. Bai kai minti ɗaya ba, kuma duk duniya muryarta babu ita ko'ina sai nan. Ya san halinsa da waya. Sai ya yi tunani: ina wurin da ya fi tsaro, in ba cikin abin da aka ba shi amana ba? Amanar mutane ai ba ta ɓacewa a hannunsa. Ya kwafe saƙon ya saka cikin Mai Zuciya, can ƙasan fayiloli, bai gaya wa kowa ba. Mako na zagayowa ya manta wayar a motar haya, ta tafi ke nan. Maimakon baƙin ciki, wuni ya yi yana yaba wa kansa hangen nesa.

Duk ranar da zai kai bayanai reshe, tun jajibere yake tahowa da Mai Zuciya gida. Bayan ya ci abinci sai ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ya soka shi a tsohuwar kwamfutar da yara suka bari, ya saurari tsohuwarsa sau biyu ko uku. A zatonsa babu mai ji.

Ran wata Talata ya isa reshe da hantsi, ya sa hannu a aljihu, wayam. Ya laluba na hagu, ya laluba na riga, ya zazzage jaka a kan teburin karɓar baƙi, har takalmi ya cire ya girgiza. Gumi ya karyo masa. Sai ya tuna cunkoson motar da ya hau, da wani dogon mutum da ya yi ta matse shi. Ya kira gida.

"Maman yara, ba ki ga wani ɗan baƙin ƙarfe ba? Ƙarami haka?"

Ita kuwa da safen nan ta ciro shi daga aljihun wandon da ya tuɓe jiya, za ta jiƙa wanki. Yana kwance a durowa tsakanin zare da maɓallai.

"Ni ina zan gan shi, Malam? Ka duba da kyau."

"Abin nan fa mai muhimmanci ne ƙwarai."

"Ranar tabarau ma haka ka ce."

"Don Allah ki duba."

"In na gama hannun rigar nan zan duba," ta ce, ta kashe wayar tana murmushi, ta ci gaba da taka keke.

Ya koma babban asibiti ya tsaya gaban Likita kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ba ta yi faɗa ba. Agogo ta duba, ta ajiye wayarta a kan tebur, jan maɓallin na kallonsa.

"Saura minti ashirin awa biyun su cika. Amma kai ka ɗauko shi shekara guda ba matsala. In kana ganin yana gida, sai mu jira zuwa yamma."

Nan fa zuciyarsa ta rabu biyu. In ya ce a jira, wataƙila matarsa ta gan shi ƙarƙashin kujera kamar kullum, muryar tsohuwarsa ta tsira. In kuwa yana hannun dogon nan na cikin mota, to sirrin mutum dubu uku na yawo a gari, har da matar nan mai neman haihuwa da ke gaishe shi da ladabi a bakin kasuwa. Ya so ya yi ƙarya, wallahi ya so. Bakinsa ne ya ƙi.

"Ban san inda yake ba, ranki ya daɗe. Ba ni in danna."

Ya danna da kansa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce mata a fili, "Ke kuma ina ruwanki," ya sake dannawa.

A daidai lokacin, a can gida, wata mai kawo ɗinki na tsaye ana auna ta, sai aka ji ɗan ƙara, fus, daga keken. Siririn hayaƙi ya sulalo daga durowa. Matar ta zabura ta yi waje da tef a wuya tana ihun wuta, matar Malam kuma ta sheƙa wa durowar kofin ruwa, ta jiƙa zare dozin biyu.

Da yamma ya shigo a sanyaye, ya tarar da ita zaune, Mai Zuciya a kan faranti, gefensa ya kumbura, falon na warin ƙonanniyar roba.

"Malam, wane irin abu ka kawo mini gida?"

Ya dubi farantin, ya dubi durowar da ke buɗe. A ciki ya hango makullin da ya gaji da nema yau da safe. Shekara ashirin da shida na baiwar matarsa suka warware masa a tsaye. Ta faɗa masa gaskiya, har da wadda ta koya mata. Ya fara dariya, dariya har da riƙe ciki, sai kuma ta juye masa kuka, ya zauna a ƙasa.

"Muryar Inna na ciki," ya ce. "Ita ke nan, babu wata."

Ta dafe ƙirji. Ita a saninta cikin kwamfutar saƙon yake. Hawaye suka bi fuskarta. Can sai ta gyara zama, ta shaƙe murya ta sirantar da ita, ta ce:

"Kai ne? To ni ce. Ka bar laimarka a ɗakina, ga hadari ya haɗo. Kai dai wata rana kanka za ka ajiye ka yi gaba. Ka ci abinci kuwa? Ke, zo ki kashe mini abin nan, ban san inda ake dannawa ba."

Ko kalma ɗaya ba ta kuskure ba. Shekara guda tana jin saƙon ta jikin ƙofa, kuma ita ce ma aka kira ta kashe wayar ranar.

Ya share ido da hular da ke hannunsa. "Kin manta tarin. Bayan laima tana yin tari."

Ta yi masa tarin. Ya ce ta sake daga farko, ta sake.

Washegari ya fita ya bar tabaransa a kan tebur. Ta ɗauka, hannunta ya ja durowar da kansa, warin ƙuna ya bugo ta. Ta mayar da durowar ta rufe, ta yafa mayafi, ta bi shi da tabaran da sauri har bakin titi tana kiransa.