Baba Tsaf da Alƙalamin Akawu

A ƙarshen layinmu, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wani shago mai ƙofa biyu da aka raba shi da katako. Ɓangaren dama na mai gyaran agogo ne, na hagu kuma na wani mai wanki da guga da kowa ke kira Baba Tsaf. Daga bakinsa sunan ya fito. In ya miƙo maka kayanka a ninke, sai ya ɗan buga su da tafin hannu ya ce, "Tsaf!" Har jikokinsa da wannan sunan suka san shi.

Tun yana saurayi ya kama wanki, kuma bai taɓa ganin sana'ar ta yi masa kaɗan ba. Siriri ne mai dogayen hannuwa, yatsunsa sun yi fari fat saboda sabulu. Bayan shagon akwai fili mai igiyoyin shanya da manyan bahuna na ƙarfe. A ciki kuwa tebur ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, sai dutsen guga mai cin gawayi. Ya san maganin maiƙo, ya san na tsatsa da na jar laka. Abu ɗaya ne ya gagare shi, tawada.

A zamanin, duk mai aikin ofis ko makaranta yana yawo da alƙalami mai shan tawada a aljihun gaba. To, in alƙalamin ya yi ɓarna, wurin Baba Tsaf ake kawo ƙara. Ya jiƙa, ya cuɗa, ya sa lemun tsami, ya shanya a rana, amma sai ka ga wata inuwa shuɗiya ta rage a aljihun tana kallonsa. Ranar da haka ta faru ba ya iya cewa "Tsaf". Sai dai ya miƙa rigar yana kallon gefe.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Inna, takan gane tun daga ƙofa.

"Malam, yau ma tawada ta kada ka ke nan?"

"Ba ta kada ni ba, kunnen doki muka yi."

"Kunnen dokin da kullum kai ne mai fitowa da fuska a murtuke?"

Cikin masu kawo masa wanki akwai wani akawu mai sanyin hali, wanda ba ya sa riga sai fara. Shekara da shekaru rigunansa ba su taɓa zuwa da tabo ba. Kwatsam sai suka fara zuwa da shi, kusan kowane mako. Wata rana da yamma akawun ya shigo da riga a hannu, ya zauna kan bencin shago kamar wanda ya yi doguwar tafiya.

"Baba, na haƙura. Zan ajiye alƙalamin nan in koma biro kamar yaran ofis."

Ya fito da shi a naɗe cikin hankici, baƙi ne mai ɗan zoben zinare. Ya ce yayansa marigayi, wanda ya riƙe shi har ya gama makaranta, shi ya ba shi ranar da ya kama aiki.

Baba Tsaf ya shimfiɗa rigar kan bargo ya daɗe yana duban tabon. Ya ga tabon tawada ya fi a ƙirga, amma wannan daban ne. Tsakiyarsa ce kawai ta yi duhu, gefensa kuwa ya yi tsararo, kamar an surka da ruwa.

"Ranka ya daɗe, ruwa kake ƙara wa tawadarka?"

"Ni? Ko kusa."

"To, wani yana ƙara mata, ko kuma ita ke ƙara wa kanta."

Ya buga katangar katakon ya kira maƙwabcinsa. Mai Agogo gajere ne mai yawan surutu, ya zagayo da ɗan madubinsa na ido a goshi yana cewa shi ba a tashinsa daga aiki sai in gobara ce. Amma yana ganin alƙalamin sai ya miƙa hannu ya karɓa. Ya zare murfin, ya juya shi wajen haske, ya leƙa.

"Kai! Ai raɓa ce ta kwanta a nan. Zo ka gani."

Baba Tsaf ya sa madubin a idonsa, karo na farko a rayuwarsa. Cikin murfin 'yan ɗigo-ɗigon ruwa ne a manne, wasu farare, wasu sun riga sun haɗu da tawada. Nan take ya tuna murfin tukunyar da yake dafa sitaci, yadda tururi ke taruwa a jikinsa ya koma ruwa.

"Ranka ya daɗe, me ya canza a ofishinku?"

Akawu ya yi ɗan tunani, ya ce ba komai, sai dai na'urar sanyaya ɗaki da aka sa musu, kuma teburinsa ne a ƙarƙashinta. Yana faɗin haka ya buga cinyarsa.

"Tsaya, na gane! Da safe alƙalamin na fitowa daga ɗumin jikina ya hau tebur mai sanyi, sai murfin ya yi gumi. Da yamma kuma in fito da shi cikin zafi. Iska in ta ji zafi kumbura take yi, an koya mana a makaranta. Iskar da ke cikin tumbinsa ce ke turo tawadar waje."

"Kuma duba nan," in ji Mai Agogo. "Maƙalin murfin ya karye. Yaya kake sa shi a aljihu?"

"Jefa shi kawai nake yi."

"Kai a ƙasa ke nan. Kai ma a juya ka kai a ƙasa cikin rana, ai sai ka yi haɓo."

Su ukun suka fashe da dariya. Mai Agogo ya yanko ƙarfe daga wani mataccen agogon bango ya ƙera sabon maƙali. Baba Tsaf ya wanke alƙalamin da ruwan sanyi har ya daina fitar da launi, ya naɗe ƙyalle a tsinke ya goge cikin murfin, ya bar shi ya bushe sarai kafin a zuba tawada. Suka yanke cewa akawu zai riƙa cika shi kullum don kada iska ta samu wurin zama, ya tsayar da shi baki a sama, ya goge murfin kafin ya tashi aiki, a ofis kuma ya ajiye shi cikin durowa nesa da iskar na'ura.

Mako ya zagayo, rigunan akawu suka zo fari ƙal. Wani makon ma haka.

Magana ba ta kwana a ofis. Ba a daɗe ba sai ga malaman makaranta, sai ga wata ma'aikaciyar jinya da alƙalaminta ke ɓata mata jaka, sai ga wani mai harhaɗa magani da ke barin nasa a gaban mota cikin rana. Kowa ya zo da riga a hannu ɗaya, alƙalami a ɗaya. Baba Tsaf ya fara da duban tabon, daga nan ya yi tambaya: ina kake ajiye shi, yaushe rabonka da wanke shi, kana yarfa shi in ya ƙi rubutu? Abin da ya shafi tsagewa ko roba da ta mutu, sai ya tura wa maƙwabci, ya tsaya a kansa yana kallon yadda ake yi.

Inna ta ce, "Malam, ban taɓa ganin mai wankin da ke koya wa mutane kada su ɓata kaya ba. Kana sare reshen da kake kai."

"Ai datti ba ya ƙarewa a duniya, Inna. Tawada ce kawai nake so mu rabu lafiya."

Shekaru suka tura. Gadon bayan Baba Tsaf ya fara ƙin sunkuyo, har wata safiya ya durƙusa gaban baho ya kasa miƙewa sai da aka ɗaga shi. Babban ɗansa ya karɓi wankin, ya kawo inji da dutsen guga na lantarki. Tsohon ya yi 'yan makonni a gida yana neman Inna da faɗa a kan komai, har ta gaji ta je wurin Mai Agogo da kanta.

"Don Allah ka zo ka ɗauki abokinka kafin in haɗa masa kaya."

Ashe shi ma Mai Agogo yana cikin tasa damuwar. Hannunsa ya fara rawa, ƙananan kusoshi na suɓuce masa. Sai suka sa aka cire wani sashe na katangar katakon, aka ajiye kujera ta biyu gaban teburin gyara. Mai Agogo ke da sanin, Baba Tsaf ke da hannun da ba ya rawa. Kullum suna cikin gardama.

"A hankali, ba wuyan riga kake matsewa ba!"

"To karɓi ka yi da kanka mana."

"Da zan iya, da na ajiye ka a nan?"

Gaskiya ne biro ya cinye kasuwa, amma masu son alƙalamin tawada ba su ƙare ba, kuma daga nesa suke nemo shagon. Wasu ma na iyayensu suke tonowa daga akwati, tawada ta bushe a ciki kamar ƙanzo.

Akawu kuwa, da ya yi ritaya, bencin shagon ya zama ofishinsa. A nan ne ya lura cewa duk lokacin da Baba Tsaf ya gama gyara zai gwada alƙalami, ba ya rubuta komai sai zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji.

"Baba, me ya sa ba ka rubuta kalma?"

"Ban taɓa shiga aji ba, ranka ya daɗe. Ina ji a hannuna in yana tafiya daidai, shi ke nan."

Bai faɗa da kunya ba, akawu ma bai yi wani dogon bayani ba. Gyara zama kawai ya yi, ya jawo takardar gwaji ya zana baƙi ɗaya. Haka suka riƙa yi in babu aiki, Mai Agogo na gefe yana cewa girma ya faɗi, tsoho ya shiga aji ɗaya. Baba Tsaf bai kula shi ba. Hannunsa ya riga ya san nauyin alƙalami, don haka baƙaƙensa suka fito manya-manya amma a miƙe.

Ranar da ya iya haɗa kalma ba tare da an riƙe masa hannu ba, sunan Inna na yanka ya rubuta, sunan da bai taɓa kiran ta da shi a gaban mutane ba. Ya kai mata tana tsakar gida tana tsefe wa jikarta kai. Ta karɓa, ta nisanta takardar daga idonta, ta ba yarinyar ta karanta mata.

"Kaka, wace ce wannan?"

"Wata ce da kakanki ya daɗe yana bi," in ji Inna. Ta dube shi tana danne murmushi. "Malam, wannan baƙin na tsakiya ya yi ƙiba."

"Ai ke na duba na zana shi."

Ta ɗaga matsefi kamar za ta jefe shi, ya kauce yana dariya, yana riƙe da bayansa. Daga nan ya ce bari ya koma, ya bar alƙalamin wata malama a jiƙe, kuma in ya daɗe Mai Agogo zai taɓa shi.