Jan Maɓalli a Rikodar Haliru

Da daminar bana ƙanena Haliru ya cika shekara goma sha uku a ƙasa. Makanikin injin jirgin ruwa ne a bakin kogin Kwara, nan Bagudo. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, ya bar matarsa da ciki. Ban zo yabonsa ba, wanda ya san shi ya san shi. Maganar kaset ɗinsa ce ta sa na ɗauki biro.

Wani direban babbar mota mai ƙetarowa daga Benin ne ya ba shi a kasuwar Lolo. Kwafi ne, ko hoto babu. Wai kiɗan wasu Turawan Amurka. Ni dai ban ji kiɗa ba. Ƙara na ji, kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa, can ƙasa wani ƙato yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Haliru kuwa sai ya lumshe ido. Ya ce mutanen nan sun san inji, sun san yadda ƙarfe ke kuka in ya gaji.

Da Shari'a ta zo, gari ya yi tsit, masu kaset suka shiga ɓoyo. Wasu dattawan unguwa suka zo rumfarsa tare da na'ibin liman, an ce musu yana jin kiɗa. Bai ɓoye ba, ya kunna musu. Na'ibi ya saurara, ya saurara, ya ce, "Wanga ai ba kiɗi ba na, inji na ya lalace." Har addu'a suka yi masa, Allah ya ba da sa'ar gyara. Mun yi wata muna dariya.

Ni kaina ban fi na'ibi sani ba. Wata rana da hantsi na kai masa fura, abin nan yana ta ruri, kaina yana sarawa. Lokacin ko baƙi ɗaya ban sani ba. Na ga maɓalli ja, na ce ja ai tsayawa ne, na danna da ƙarfi. Ƙara ta ɗauke. Ashe ɗauka na sa. Rikoda ta haɗiye faɗana duka, ta haɗiye shi yana cewa, "Yaya Kulu, mi kika yi? Kin shiga cikin Turawa!" Sai dariyarsa, irin mai ƙarewa da tari. Sati guda bai gaishe ni da kyau ba, na goge masa wurin da ya fi so.

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu. To, rashin sanina ne ya ajiye muryar Haliru, kuma ban da nan babu ita ko'ina a duniya. Ko hoto bai bari ba.

Na shiga ajin yaƙi da jahilci na haura arba'in. Yau nakan duba yadda kowa ke yawo da kiɗa a waya, ya toshe kunne, ba mai zuwa ƙofarsa bincike. Da Haliru na nan, na san tsaki zai yi, ya ce kiɗan da maƙwabci bai ji ba ai gulma ce. Ko kuma ya nemo Turawansa a wayar, ya san sunansu. Ni har yau ban sani ba, ban kuma san wanda zan tambaya ba.

Cikin da ya bari shi ne Saratu. Ta girma, ta ji labarin kaset, ta kafa mini ƙahon zuƙa sai ta ji muryar ubanta. Na kai wa mai gyaran rediyo a Lolo. Ya ɗaga shi a rana, ya ce danshi ya ci zaren, ya manne. Kafin a juye muryar a waya dole a kunna, in an kunna kuma yana iya tsinkewa, ko rikoda ta tauna shi, kafin a kai wurin. Na ce ya ba ni tabbas. Ya ce, "Hajiya, tabbas na Allah na." Na karɓe abina na yi gaba. Gaba kura, baya siyaki.

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a taron mata ba, ɗan zare ya gagare ni. Na gwada yi wa Saratu kwaikwayon muryarsa, har da tarin. Ta bari na gama, ta ce, "Gwaggo, wagga muryarki ta."

Jiragen da ya gyara sun ruɓe, rumfarsa ta zama wurin cajin waya. Abin da ya rage na Haliru numfashi kaɗan ne a tsakiyar ihun mutanen da ba su san an haife shi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kaset yana cikin kwalla, naɗe a ɗankwali. Rikodar ma tana nan, na sa mata sabon batir. Yanzu na iya karatu, na san maɓallin kunnawa sarai. Yatsan ne ya ƙi.