Lambobin Yabon Tsohon Ɗan Masar

Shekarata ta biyu a Doha aka mayar da ni gadin wani dogon bene a unguwar West Bay. Aikin tsayuwa ne da kallon ƙofa. Mutane su shige su fita, babu mai duban fuskata, har nakan wuni ban yi magana da kowa ba in ban da nuna wa masu neman na'urar hawa bene hanya: "lif yana dama".

Akwai wani tsoho ɗan Masar da yake zaune a wurin ɗansa a can sama. Bayan la'asar yakan sauko da sandarsa ya zauna a falon ƙasa, shi kaɗai. Wata rana ya ji ina waya da mahaifiyata. Da na gama sai ya ɗago kai ya ce, "Sannu. Ina gajiya?"

Na tsaya baki buɗe.

"Baba, a ina ka koyi Hausa?"

Iyakar Hausarsa ke nan. Sauran hirar da guntun Larabcina da guntun Turancinsa muka yi ta. Ya ce yana saurayi ya zauna a Kano, lokacin yaƙin basasar Nijeriya. Matuƙin jirgin yaƙi ne, irin mai jefa bama-bamai. Ya tambaye ni ko har yanzu ana gasa tsire a bakin titi da yaji mai sa hawaye.

Daga ranar muka saba. Ba ya son zancen yaƙin. Sau ɗaya na tambaye shi abin da yake gani daga sama, ya ce, "Itatuwa, ɗana. Sai hayaƙi. Ban taɓa sauka a wurin ba." Ban sake tambaya ba.

Wani yammaci ya sauko da ƙaramin gwangwanin alewa. A ciki akwai lambobin yabonsa na soja, ƙarfen ya dushe, ƙyallayen da suke rataye a jiki sun zare. Ya ce yana son a ɗinke su kafin ya mutu, amma ɗansa ba shi da lokaci. Na ce akwai tela a unguwarmu, Fereej Abdel Aziz.

Na kai wa telan ranar Juma'a. Ya juya su a hannu, ya ce bai taɓa irin wannan aiki ba, amma zai gwada. Da ya gama na karɓo su, na ajiye a ƙarƙashin matashina. A ɗakinmu mu da yawa ne, kowa da wayarsa da damuwarsa, ban nuna wa kowa ba. Nakan buɗe gwangwanin in duba, in rasa abin da ya kamata in ji. An ba shi su ne saboda wutar da ya zuba a kan wasu mutane, wasunsu 'yan ƙasata. Kuma shi kaɗai ne a benen nan yake tambayata lafiyar mahaifiyata.

Da na koma aiki bai sauko ba. Washegari ma haka. Na roƙi abokin aikina ya riƙe mini ƙofa, na hau.

Ɗan ne ya buɗe, waya a kunnensa. Ya ce tsohon ya faɗi a banɗaki, an mayar da shi Masar wurin 'yarsa. Na miƙa masa gwangwanin, na gaya masa yadda aka yi ya zo hannuna.

Ya buɗe, ya dube su, ya dube ni.

"Babana ya je Nijeriya?"

"Ya je, yallaɓai. Ya zauna a Kano."

"Bai taɓa faɗa mini ba," in ji shi. Ya yi godiya, ya ɗora gwangwanin a kan kantar takalma, ya koma kan wayarsa.

Ban san ko an aika masa da su ba. Bayan wasu watanni iyalin suka tashi daga benen, ban samu wanda zan tambaya ba. Na ci gaba da gadi a wurin har kwantiragina ya ƙare.