Duwatsu Ashirin da Uku na Baba Octave

Ƙarfe shida na safe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, mutanen garinmu Marquenne sun san abin da zai tashe su: kukan tayar baron Baba Octave Desmet. Shekara arba'in da huɗu ke nan baron yana wannan kuka. An yi masa tayin mai ya fi a ƙirga, ya ce a bar masa kayansa, da kukan ne matarsa Ginette take sanin bai faɗi a hanya ba. Kafin ya fita sai ya tsoma burodi da cukun nan namu mai wari a cikin kofi, ya ɗaura guntayen tsohuwar taya a gwiwoyinsa, ya loda yashi da guduma da madaɓi, ya nufi Hanyar Rijiya.

Hanyar Rijiya kilomita biyu ce da 'yan kai, ta ratsa gonakin dankali, shimfiɗe da duwatsun da kakanninmu suka jera tun zamanin keken doki, kowanne kamar curin burodi. Duk shekara ba mai kula ta sai taraktoci da Octave. Rana ɗaya tak, wata Lahadi a cikin Afrilu, 'yan tseren keke kusan ɗari biyu su bi ta kanta, duniya ta gan mu a talabijin na minti huɗu, daga nan a koma a manta da mu.

Mai kallo daga kujera ba zai gane abin da minti huɗun nan suke ci ba. Kafin su iso mu sun riga sun sha kilomita ɗari da tamanin. Su shigo da gudun mota, sarƙa tana dukan ƙarfe, gorunan ruwa suna tsalle suna zubewa, haƙora suna haɗuwa. Na ga wanda ya zare safar hannu fatar tafinsa ta biyo ta. Na ga wanda sai da aka ɓamɓare yatsunsa daga kan keke ɗaya bayan ɗaya, don sun ƙi miƙewa. Ba a kama birki, ba a sassauta, domin wanda ya sassauta shi dutse ya fi jibga. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, in ka cire mutum biyar na gaba, babu mai ganin hanya. Ƙura ko taɓo ya rufe ido, tayar na gabanka kawai kake bi. Wato yaran nan sun ba da wuyansu amana ga wanda ya jera duwatsun.

Kai ne wannan mutumin, Octave. Kai ne mai bin hanyar nan da gwiwa, kana shafa ta da tafin hannu, kana neman dutsen da sanyi ya ɗago ko wanda tarakta ta nutsar. Wani injiniya ya taɓa zuwa daga birni da na'urar awo, ya ce zai daidaita ta ta yi sumul. Muna tsaye ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ba gado nake gyara musu ba. Aikina ta wahalar da su, amma kada ta kashe su." Injiniyan bai sake dawowa ba.

Ƙarshen watan nan Octave zai ajiye aiki. Gwiwoyin sun ƙare, likita ya ce ko dai ya daina durƙuso ko ya daina tafiya. Na san ba zai karanta wannan rubutu ba sai Ginette ta tsare shi, amma dole in faɗi abin da ya faru a Afrilun da ya wuce, tunda duk gari shaida ne, ni ma ina ciki, kuma ba a ɓangaren masu gaskiya ba.

Ranar Asabar, ana gobe tsere, Octave ya isa kwanar rijiya ya tarar da rami. Baƙin da suke zuwa kallo daga nesa sun sa ƙarfe sun ƙwaƙule duwatsu don su kai gida tsaraba. Ba yau aka fara ba, amma da ɗaya ko biyu ake ɗauka. Wannan karon ashirin da uku ne, a doron hanya, daidai inda kowa yake bi. Ƙarfe goma Madam Caudron, mai duba hanya ta masu shirya tseren, ta iso ta tsaya a bakin ramin.

Ta ce, "Baba Octave, ka san ba zan tura 'ya'yan mutane cikin wannan ba. Ƙarfe huɗu zan dawo. In na tarar da rami, ko na tarar an toshe shi da siminti, gobe ta titin kwalta za su bi."

Kowa ya san ma'anar haka. Tseren ne kaɗai yake kare hanyar. Manoma sun daɗe suna matsa wa majalisar gari a zuba mata kwalta, kuma hanyoyi biyu na maƙwabtanmu haka suka tafi: tsere ya tsallake su shekara ɗaya, kafin wata shekarar an binne su. Ga shi tarin duwatsun da Octave yake ajiyewa ya ƙare a gyaran hunturu, inda ake fasa irinsu kuwa an rufe tun kafin a haife ni. Ya cire hula, ya sosa kai, ya juye yashin da ke cikin baro, ya juyo cikin gari da shi ba komai.

Ƙofar farko ta Paulette ce mai gidan burodi.

"Baba, yau da baro za ka sayi burodi?"

"Dutsen da kike tokare ƙofa da shi na zo ɗauka."

"Wannan? Haba Baba, gadon mahaifiyata ne!"

"Na sani. Ina kallo ta cire shi shekarar ambaliya, gefen hagu, kusa da magudana. Kuma kullum ina gaishe ta har Allah ya yi mata rasuwa. Ɗago ƙafarki."

A ranar muka gane ashe shekara arba'in da huɗu mutumin nan ya san inda kowane dutse ya shiga, ya yi shiru, ya cike gurbin, ya ci gaba da gaishe mu. Fada Bertin da nasa yake danne takardun wa'azi. Ya ce wani ne ya kawo masa kyauta. Octave ya ce, "To Fada, kai ka yafe masa, ni kuma ka ba ni." Na magajin gari yana kan teburin ofis, an shafe shi da man sheƙi har da ɗan allon tagulla. Da ya zo ƙofata ko gaisuwar kirki bai bari mun gama ba.

"Malam, biyu."

"Ɗaya dai, Baba."

"Ɗaya a kan kanta, ɗaya a lambu ƙarƙashin tukunyar fure."

Shekara talatin na yi ina koya wa yaran garin nan kada su taɓa abin da ba nasu ba. Na ɗauko su da hannuna, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wanda muka zaci za a yi rigima da shi shi ne Hubert, shugaban masu son kwalta, wanda duwatsu bakwai suke jere a bakin garken shanunsa.

"Ni ka zo wa? Ni da nake addu'a dare da rana a binne hanyar nan? Tarakta biyu ta karya mini!"

"Ka ci gaba da addu'arka ranar Litinin. Yau Asabar ce, ba ni duwatsuna."

Hubert ya zage shi, ya zagi hanyar, ya zagi wanda ya ƙirƙiro keke, sannan ya loda duwatsun a tarakta ya kai su da kansa, har ya tsaya yana miƙa yashi.

Ƙarfe biyu an tara ashirin da biyu. Octave ya durƙusa, rabin gari a kansa, yana juya kowane dutse a hannu yana nema masa mazauni, ya zuba yashi, ya daɓe. Ƙarfe uku da kwata ya rage gurbi ɗaya, a tsakiyar kwanar. Wani ya ce, "Kai fa, Baba, ba ka da ko ɗaya a gida?" Ginette ta ce, "Wannan? Ko tsakuwa ce ta maƙale masa a takalmi sai ya mayar da ita."

Aka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri, domin duk mun san inda na ashirin da uku yake, mun kuma ga Octave ya tsallake ƙofar. Régis Vanhove ne kaɗai ɗan garin nan da ya taɓa zama ɗan tsere na sosai. Shekara goma sha tara da suka wuce ya shigo kwanar nan yana na uku, a gaban uwarsa da duk danginsa, tayarsa ta daki wani dutse da ya ɗago kai. Ƙugunsa ya karye gida uku, bai sake hawa keke ba. Da ya fito daga asibiti ya zo da sanda ya tone dutsen, ya ajiye shi a shagonsa na gyaran keke. Tun daga ranar tsakaninsa da Octave sai ɗaga hannu daga nesa.

Muna tsaye cirko-cirko sai muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a kan dutse. Régis ne, yana ɗingishi, ya rungumo abin a hammata.

"Tsoho, raini ne ko me? Ka shiga gidan kowane ɓarawo a garin nan, har na Fada, ka tsallake nawa."

Octave bai ɗago kai ba. Ya ce, "Naka ba sata ba ne, Régis."

"To mene ne?"

"Ni na bar shi da kai a sama. Na gan shi tun ranar Juma'a, na ce sai da safe. Da safe hankalina ya tafi wani wurin, na manta."

Ko Ginette ba ta taɓa jin wannan magana ba, don na ga ta dafe ƙirji. Dattijo mai shekara saba'in da ɗaya, a durƙushe, a gaban magajin gari da Fada da mu duka, ya faɗi abin da ba wanda ya tambaye shi, ba kuma wanda zai iya kama shi da shi. Ni dai ban taɓa jin girman mutum ya cika mini ido kamar a lokacin ba.

Régis ya gyara riƙon dutsen a hammata. Can ya ce, "Ai na sani. Dutse ba ya ɗagowa a dare ɗaya, kai kuma ba abin da yake wuce idonka. Shekara biyar na yi ina jiran ka zo in zage ka, na tanadi zagi iri-iri. Ba ka zo ba. Tagar shagona kuma kwanar nan take kallo, kullum in ɗaga kai in gan ka a ƙasa. Wa zai zagi mutum yana durƙushe? Karɓi kayanka, na gaji da goge masa ƙura."

Octave ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya lalubo gefen nan mai kaifi, ya kifa shi ƙasa cikin yashi. Sannan ya miƙa wa Régis madaɓi ya ce, "Buga." Régis ya ba Paulette riƙon sandarsa, ya buga sau uku. Bugu na ukun sai da magajin gari ya ja da baya.

Ƙarfe huɗu Madam Caudron ta dawo. Ta taka wurin da dunduniya, ta bi ta kai da mota sau biyu, ta leƙo ta taga ta ce, "Mummuna ce kamar kullum. Gobe ta nan za su bi." Hubert ne ya fara tafi, da ya tuna ko shi wane ne ya zura hannuwansa a aljihu.

Washegari aka tashi da ruwa. Suka shigo baƙi ƙirin da taɓo, ido kawai ake gani, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Biyu sun faɗa magudana can gaba, suka tashi suka ci gaba da jini a gwiwa, don haka sana'ar take. A kwanar rijiya ko ɗaya bai faɗi ba. Octave bai kalli fuskar kowa ba, tayoyi kawai yake kallo har na ƙarshe ya wuce.

Mun gode, Octave, sarkin durƙuso. Mun gode da gwiwoyin da ka ƙarar a kan hanyarmu, da asirinmu da ka rufe shekara da shekaru, da naka da ka tona da bakinka ranar da ba dole. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa Ginette haƙurin zama da kai a gida.

Ku kuma da gwiwoyinku suke da sauran ƙarfi, Octave ya ce duk Asabar da safe zai zauna a kujera a bakin kwanar ya koya wa duk wanda ya zo. Ku zo ku koya tun yana nan. Mutum shida sun riga sun fara, na farkonsu Régis, wanda ba ya iya durƙuso amma madaɓi ya zama nasa. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a tsakiyar kwanar ya sunkuya yana dubawa. Ranar farko ya ce, "Tsoho, wanne ne nawa?" Octave ya ce, "Nemo shi." Wata bakwai ke nan yana nema bai gane shi ba. Octave ya sani sarai, ya kuma ce ba zai faɗa ba.