Wasiƙar da Ba Ta Isa Dirku Ba

Duk abin da zan manta na zamana a Sabha, ban da safiyar da aka ce in tattara kayana in bar ofis.

A da, in motocin dabino suka tashi zuwa Nijar, direba ne ke gaya wa direba labarin tashinsu. Da kamfaninmu ya sayi kwamfutar da ke raba imel, sai na rubuta mata jerin umarni: kullum da safe ta aika wa ofishinmu na Dirku lambobin motocin da suka shiga sahara, don in wata ba ta iso ba a fita nemanta. Ni nake kunna shi da hannuna. Makon da na tafi garin Zighan lodi, sai na bar wa agogon kwamfutar ya riƙa kunna shi.

A makon ne wata motarmu ta lalace a hanya. Kwana uku mutum biyar suna raba jarka ɗaya, Dirku ba ta ma san sun taso ba, domin wasiƙar ba ta tafi ba. Wasu fatake ne suka tsince su da sauran numfashi.

Mudir, mai kamfanin, ya tsaya a kaina. "Ya Haj, kwamfuta ba aikin tsoho ba ce. Ka koma unguwar Jadid cikin masu jiran aikin lebura."

Na ce, "Na yi aikin nan da Faransanci a Yamai, na yi shi da Turanci a Kano. Ba inda za ni sai ka ga matsalar da idonka."

Na kunna da hannu, wasiƙa ta tafi. Na bar wa agogo, shiru. Ashe tagar da nake buɗewa a kwamfutar ita ke loda umarnin sarrafa imel da kanta, agogo kuwa fankon taga yake buɗewa, wadda ba ta san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ya ce, "To ai kai ne."

"Ni ne, Mudir. Kuma ni na gano. Wanda za ka kawo sai ya bar wasu biyar a rairayi kafin ya koya."

Bai ce in zauna ba, ni kuma ban tashi ba. Na ƙara layi ɗaya a saman jerin, mai lodo umarnin kafin komai, muka jira agogo tare. Wasiƙa ta tafi.

Na koyi cewa aikin da bai taɓa gudana a bayan idona ba, ban gwada shi ba tukuna. Tun daga ranar, in hantsi ya yi Dirku ba ta ga wasiƙa ba, waya take bugowa. Ba mu ƙara ɗaukar shiru a matsayin lafiya ba.