Jegon da Na Yi da Baki a Rufe

Assalamu alaikum. Wata tara ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu tsokanata wai na haihu na yi girman kai, na ga saƙonninku, ku yafe ni. Jinya na yi.

Bayan sunan 'yata Hafsa aka kai ni gidanmu a Dangora wankan jego, tunda haihuwar fari ce. Inna, mahaifiyata, ba ta wasa da jego. Safe da yamma kunun kanwa, sai gasasshen nama mai yaji da ƙaurin saniya.

A sati na uku na fara jin ƙas-ƙas a gaban kunnena na hagu in ina tauna. Sai zafi ya biyo baya, har cikin kai.

Na gaya wa Inna. Ta ce, "Ke dai raki gare ki. Tauna, mai jego ba ta barin nama a kwano. Da me za ki shayar da yarinyar?"

Na ci gaba da taunawa, hawaye na zuba.

Da abin ya ƙi, kowa ya ce haƙori ne. Ranar kasuwar Kafin Maiyaƙi aka ɗora ni a babur zuwa wurin wani mai cire haƙori. Ya sa na wage baki na tsawon lokaci, ya cire haƙorin turmi ɗaya. Lafiyayye ne, na gan shi a tafin hannunsa.

Washegari bakina ya kulle. Yatsa ɗaya ne kawai yake shiga. Cokali ma sai an kwantar da shi.

Na daina ci, na daina barcin kirki, nono ya fara ja baya. Hafsa ta kama, ta ja, ta saki, ta tsala kuka. Ina riƙe da ita, ko rarrashinta ba na iya yi da baki. Ban taɓa jin ba ni da amfani kamar a kwanakin nan ba.

Maigidana ya sayar da masarar da muka ajiye, muka tafi asibiti a Kano. Layi tun asuba, kati, hoton ƙashi, gwajin jini, a dawo mako mai zuwa.

Likitar mace ce. Ta auna buɗewar bakina da 'yar rula, ta danna gaban kunnena, na zabura. Ta ce, "Haƙoranki ƙalau suke. Mahaɗar muƙamuƙinki ce ta kumbura." Ta ce ciwon ya fi kama mata, kuma ana ganin da hannun wani sinadari na jikinmu, estrojin, wanda yake sauka sosai bayan haihuwa, sai gaɓar ta yi saurin kumburi da jin zafi. Ta tambayi me nake ci. Na faɗa mata.

Inna tana zaune a gefe. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Likita, ni na sa ta."

Aka ba ni maganin kumburi da mai shayarwa za ta iya sha, da robar da nake sawa a baki in zan kwanta. Aka ce in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in motsa baki a hankali gaban madubi, in ci abinci mai laushi kawai. Inna ba ta sake maganar ba. Sai dai kullum na riƙa jin ƙarar turmi, tana daka min naman ya zama dambu.

Wata huɗu kafin yatsa uku su shiga bakina. Alhamdulillah. Na gode wa maigidana, da Inna, da likitar nan, da duk wanda ya yi min addu'a.

'Yan uwana mata, in kun ji ƙara ko zafi a gaban kunne, ku daina tauna abu mai tauri, ku nemi likitan haƙori na asibiti. Kada ku bari a cire muku komai a kasuwa. Iyayenmu, in mai jego ta ce ba ta iya tauna, ku yarda da ita.

Kada ku jira kamar yadda na jira. Bakina ya buɗe, amma nonon bai dawo ba. Da madarar gwangwani Hafsa ta girma, kuma har yau in na ga mace tana shayarwa, kawar da kai nake yi.