Musbahu, Ban Yafe Masa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 6 ga Fabrairu, 2025, Allah ya karɓi ran ƙanena Musbahu a gidansa da ke Kura, bayan ciwon ƙirji da ya daɗe yana cin sa.

Musbahu, tun kana saurayi kake tsaye a bakin injin casar shinkafa, kana shaƙar ƙurar ɓuntu. Matan Bunkure masu turara shinkafa sun san ka. Kai ne mai sauke wa tsohuwa buhunta ka kai ta gaban layi, in an yi gunaguni ka ce ai kakarka ce. Shekarar da kanal ɗin noman rani ya ɓalle ruwa ya cinye min tumatir, kai ka riƙe gidana har kaka, ba wanda ya ji a bakinka.

Da aka ce doka ta wajabta wa kamfanoni yi wa ma'aikatansu inshorar lafiya, da murna ka zo min, ka ce yanzu za a duba ƙirjin nan. Sai mai kamfanin casar da kake wa aiki ya tara ku, ya ce daga yau ba shi da ma'aikaci, sai leburorin yini, wanda ba zai iya ba ga ƙofa. Kowa ya sunkuyar da kai, don kowa da iyali. Kai kaɗai ka ce, "Alhaji, a injinka na samo tarin nan." Washegari maigadi ya hana ka shiga.

Ka koma ƙwadago a gonakin Kadawa, kana dashe kana tari. Mubina matarka ta sayar da keken ɗinkinta ta kai ka asibiti a Kano, likita ya ce an makara.

Mai kamfanin nan ya zo jana'izarka, ya tsaya a sahun gaba. Ya miƙo min hannu, na bar shi a miƙe. Dattawa sun ce in yi haƙuri. Na karɓi hukuncin Allah, amma shi ban yafe masa ba. Allah ya isa. Allah ya ɗanɗana masa ƙuncin numfashi irin naka, ya nemi magani da dukiyarsa ya rasa. Abokan aikinka da suka yi shiru ranar nan sun yarda za su ba da shaida a kotun ma'aikata, kuma ni zan kai su.

Allah ya jiƙan ka, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya haskaka makwancinka. Mubina, Allah ya ba ki dangana, ya raya Sa'adiya da Amiru, su girma su san sunan wanda ya yi wa ubansu haka.